"Nono Bai Karɓe Ni Ba": Gano Abincin da Ke Tayar da Ciwo ga Masu Fama da Madara da Ƙwai a Bagudo da Kan Iyakar Benin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin mutanen da madara ko ƙwai ba sa karɓarsu a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a Jamhuriyar Benin. Ta dogara ne a kan binciken da masana suka riga suka wallafa, da kuma nazarin abincin da jama'ar yankin suke ci yau da gobe. Matsayinta shi ne, kukan da ake yi na "nono bai karɓe ni ba" ciwo uku ne mabambanta, kuma nau'o'in nonon da matan Fulani suke sarrafawa za su iya taimaka wa ma'aikacin lafiya ya rarrabe su ko da babu na'ura a gabansa.

1.0 Gabatarwa



Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi kafaɗa da jihar Alibori ta arewacin Benin. Wanda ya bi ta Lolo zai faɗa Madekali ya zarce babbar kasuwar Malanbil; wanda ya bi ta Tsamiya zai ɓulla Segbana ya nufi Kandi. Iyakar kanta yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta shata ta, ta bar Illo a hannun Ingilishi, garin da ayarin fataken goro suka daɗe suna yada zango a cikinsa kan hanyarsu ta Gwanja. Amma shanu ba su san da wannan yarjejeniya ba, ƙwaryar nono ma haka. Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, kuma da rana ta take, ƙwarya ɗaya ake zagayewa.

A irin wannan wuri, wanda fura da nono take ɓata wa ciki yana cikin tsaka mai wuya. In ya ƙi sha a gidan surukai, an ce girman kai. In ya sha, ya wuni yana zarya bayan gida. In ya je shagon magani, sai a ce masa ulsa ce, ko taifod, ko basir, a haɗa masa ƙwayoyi a leda. In kuwa ya dace da wanda ya gane cewa nonon ne, shawarar ba ta wuce kalma uku: "Daina shan nono." Wannan shawara nake ƙalubalanta, domin ga mafi yawan masu kukan ta yi tsauri, ga 'yan kaɗan daga cikinsu kuma ba ta wadatar ba.

2.0 Ciki biyu, ƙwarya ɗaya

A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos. Kowace lita ta madarar saniya tana ɗauke da kimanin giram 47 zuwa 50 nasa, wato kofi ɗaya na mililita 250 yana da wajen giram 12. Kafin jiki ya amfana da shi sai wani sinadarin narkarwa mai suna laktes, wanda bangon ƙaramin hanji yake samarwa, ya raba shi gida biyu. Kowane jariri lafiyayye ana haifarsa da wannan sinadari a wadace, don nonon uwa ma ya fi na saniya laktos. Bayan yaye ne yake fara ja da baya a jikin mafi yawan 'yan Adam, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Saboda haka baligin da ba ya narkar da laktos ba mai naƙasa ba ne. Shi ne ma a kan asali. Sukarin da bai narke ba yakan zarce babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su ruɓar da shi su fitar da iska. Daga nan sai ƙugin ciki, kumburi, murɗa da zawo, galibi tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan sha.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin binciken da duniya ta fara fahimtar wannan lamari da shi a Nijeriya aka yi shi. A 1971 Norman Kretchmer na Jami'ar Stanford a Amurka, tare da Olikoye Ransome-Kuti, likitan yaran nan da ya zama ministan lafiya daga baya, da abokan aikinsu, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilun ƙasar nan a mujallar Lancet. Sun gano cewa kusan huɗu cikin biyar na Fulani makiyayan da aka gwada suna narkar da laktos har girmansu, Hausawa kuwa wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai, Yarbawa kusan babu. Adadin mutanen da aka gwada ƙanƙane ne, don haka bai kamata a riƙe alƙaluman kamar karatun allo ba, amma hanyar da suka nuna ba ta sauya ba. A 2002 masana a ƙasar Finlan suka gano sauyin ƙwayar gado da ke sa sinadarin ya ɗore a jikin Turawa, a 2004 aka iske irinsa a jikin Fulanin arewacin Kamaru, daga baya kuma aka tabbatar da shi a Fulanin Burkina Faso. Makiyayan gabashin Afirka nasu sauyin daban ne, kamar yadda Sarah Tishkoff da ayarinta suka nuna a 2007.

Ga inda abin ya shafi Bagudo. Gadon nan mai rinjaye ne: in mutum ya samo shi daga ɓangare ɗaya, uwa ko uba, ya wadatar. A ƙasa irin ta Ka'oje, inda Fulani suka daɗe da zama suna auratayya da maƙwabta, za a iya samun wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya yana kwankwaɗar madara daga hantsar saniya lafiya lau, ɗayan rabin ludayi ya ishe shi wahala. Shi ya sa tambayar "kai Bafulatani ne ko Bahaushe?" ba ta warware komai a ɗakin duba marasa lafiya. Tana iya ba da haske, ba ta yanke hukunci.

3.0 Ciwo uku a riga ɗaya

Na farko shi ne wanda muka bayyana, rashin narkar da laktos. Yana da takura amma ba ya kisa, kuma ya danganta da yawan abin da aka sha. Taron masana da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka kira a 2010 ya tsaya a kan cewa mafi yawan masu wannan hali suna iya shan giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata damuwa ta a zo a gani ba, musamman in an haɗa da wani abinci. Akwai kuma na wucin gadi, wanda ya fi damun yaranmu: gudawa mai tsanani ko tamowa takan kankare bangon hanji, sinadarin ya yi ƙasa na wasu makonni, sannan ya dawo. Uwa ta ga duk lokacin da yaro ya sha madara zawon ya ƙaru, sai ta yanke cewa har abada ba ya so, wani lokaci ma ta cire shi daga mama. Wannan kuskure ne mai tsada. Ba a dakatar da shayarwa saboda zawo.

Na biyu shi ne alaji, wanda jama'a suka fi sani da alamarsa ta fata, wato borin jini. Nan ba ruwan sukari. Garkuwar jiki ce take ɗaukar furotin ɗin madara ko na ƙwai a matsayin abokin gaba. Cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu fata ta yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, leɓe da fatar ido su kumbura, a yi amai. In ya yi tsanani maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jini ya faɗi, mutum ya sulale. Ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shi, ko da cokalin da aka juya shayin wani da shi ne. Akwai nau'insa mai jinkiri, wanda ba ya bayyana sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, da ƙurajen fata masu ƙaiƙayi ko jini-jini a kashin jariri. Alajin madara da na ƙwai sun fi yawa ga ƙananan yara, kuma da yawansu sukan rabu da shi in sun tasa.

Na uku ba laifin jikin mai sha ba ne sam. Nonon da aka sirka da ruwan da ba shi da tsabta, ko madarar da ba a tafasa ba, ko dafaffen ƙwan da ya kwana biyu a faranti cikin zafin bazara, kowa zai iya kwantarwa. Alamarsa a fili take: mutum ya sha nono shekara da shekaru ba abin da ya same shi sai yau, akwai zazzaɓi, kuma waɗanda suka sha tare da shi su ma suna kwance. A ra'ayina, kafin a liƙa wa kowa sunan wani ciwo na dindindin a karkararmu, wannan na ukun ya kamata a fara kawarwa.

4.0 Tsanin da ke cikin ƙwaryar Fulani

Matar Fulani ba abu ɗaya take sayarwa ba. Daga madara guda take fitar da kindirmo, da tsala bayan an kaɗe mai, da man shanu, a ɓangaren Benin kuma da wagashi. Kowanne da yawan laktos ɗinsa, kowanne da yawan furotin ɗinsa, kuma a nan amfanin yake.

A dubi yadda ake wagashi. Za a ɗora sabuwar madara a wuta marar ƙarfi. A daddaka ganye da karan tumfafiya, a jiƙa a 'yar madara, a tace a zuba cikin tukunyar. Jim kaɗan sai madarar ta tsinke: farin gudaji ya taso sama, wani tsararon ruwa mai ɗan kore-kore ya ware a ƙasa. A kwashe gudajin da ludayi a zuba a ƙananan kwanduna ya tsane, ya ɗauki siffar kwandon. In za a kai shi kasuwa mai nisa, a sake dafa shi da gishiri da karan dafi, bayansa ya yi ja. Wancan ruwan da ya tsiyaye, shi ya tafi da mafi yawan laktos, domin sukarin a ruwa yake narke. Abin da ya rage a kwando furotin ne da mai, a dunƙule.

Ma'anar wannan ga likita babba ce. Mai rashin narkar da laktos zai ci soyayyen wagashi a miya ya tashi lafiya. Mai alajin madara kuwa, wagashi ya fi masa kofin madara haɗari, don ainihin abin da jikinsa yake yaƙa ne aka tattara masa wuri ɗaya. Tambaya ɗaya tak, "in ka ci wagashi fa?", tana iya raba ciwo na farko da na biyu a bakin mutumin Lolo ko Tsamiya da ya saba cin sa.

Daga nan tsanin yawan laktos yake hawa. A ƙasa man shanu, wanda laktos ɗinsa bai taka kara ya karya ba, balle in an soya shi. Sai wagashi. Sai kindirmo da tsala, inda ƙwayoyin da suka sa madarar ta yi tsami suka riga suka cinye wani kaso na sukarin, kuma suna ci gaba da taimakawa a cikin hanji. Wannan ne sirrin da ya sa Bahaushe, wanda binciken 1971 ya ce galibi ba ya narkar da laktos, ya rayu ɗaruruwan shekaru a kan fura da nono: mai tsami yake sha, a dame da gero, gero kuma yana rage saurin wucewarsa. A can ƙololuwa sai sabuwar madara, da madarar gwangwani, da ta gari. Mutumin da ya ce furar rugar kakarsa ba ta taɓa damunsa ba amma shayin tasha yana murɗa masa ciki, ba ƙarya yake ba, kuma ba sihiri aka yi masa ba.

Sai dai tsanin ya fara gauraya. Da rani, lokacin da shanu suka yi nisa neman ciyawa nono ya yi wuya, wasu masu sayarwa sukan haɗa kindirmo da madarar gari, ko su ƙara garin madarar a kan wanda ya riga ya yi tsami don ya yi kauri da zaƙi. Yogot na leda ma sau da yawa haka ne. Saboda haka in za a tambayi marar lafiya, a tambaye shi wane nono, daga hannun wa, a wane lokaci na shekara. Wani abin lura kuma: komawa madarar akuya ko ta tunkiya ba mafita ba ce. Duk suna da laktos, kuma furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, har mafi yawan masu alajin wannan sukan yi na wancan.

5.0 Ƙwai

Ƙwai ba shi da laktos, ba kuma dangin madara ba ne, duk da cewa teburin mai shayi ya haɗa su zumunci. Matsalarsa yawanci alaji ce, kuma a farin ƙwan ta fi zama. Wasu daga cikin furotin ɗin farin wuta tana lalata su, wani kuma yana jure ta. Shi ya sa yara da dama masu alajin ƙwai suke cin kek ko biskit da aka gasa sosai ba abin da ya same su, amma wainar ƙwai mai ruwa-ruwa ta tayar musu da bori. Ƙwan zabi, da yake cika kasuwanninmu da damina, ba mafaka ba ne ga wanda na kaza ya ƙi.

Akwai tarko a nan ga mai ɗaukar bayani. In uwa ta ce "ba ya cin ƙwai", a tambaye ta dalili. Tsohon camfin nan na cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai tashi ɓarawo bai mutu ba a karkara. Ke nan mai yiwuwa yaron bai taɓa ɗanɗanawa ba. Binciken da aka yi a Ingila da Japan ya karkata ga cewa fara ba jariri dafaffen ƙwai tun yana wajen wata shida yana rage haɗarin alaji, jinkirtawa ba ta kare shi.

6.0 Abin da iyaka ta ƙara

A tsaya a teburin mai shayi a tashar Lolo da sassafe. Cokali ɗaya ne yake shiga gwangwanin madara, ya juya shayin wannan, ya juya na wancan da ya ce baƙi yake so. Kofin da aka kaɗa ƙwan Indomie a ciki, a nan za a kaɗa na gaba. Wuƙar da ta shafa mayonis a burodin wani, ita za ta yanka na mai cewa shi ba ya cin ƙwai, alhali mayonis da ƙwai ake yin sa. Ga mai matsalar laktos duk wannan ba komai ba ne. Ga mai alaji kuwa, kowane ɗaya kafa ce.

Sauran maɓoyan sanannu ne in an tuna da su: cincin, gullisuwa, tuwon madara, kunun aya da wasu ke zuba wa madara, dege na Benin da Nijar, da shinkafa ko dambun da aka yaryaɗa wa man shanu. Awarar waken suya, wadda ita ce madadin da ya fi dacewa, sau da yawa a ruwan ƙwai ake tsoma ta kafin a soya.

Kayan kwali da na gwangwani kuma harshe biyu suke magana. Ƙa'idar Codex ta duniya ta sa madara da ƙwai cikin abubuwan da tilas a bayyana a jikin kaya, amma abin da ya shigo ta Malanbil da Faransanci aka rubuta shi. Wanda ya koyi neman "milk" da "egg" kaɗai zai wuce "lait", "beurre", "lactosérum" da "œuf" bai sani ba. Ƙaramin kati mai waɗannan kalmomi, da bayaninsu a boko da ajami, aiki ne da kowace cibiyar lafiya ta kan iyaka za ta iya yi.

Sai batun katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda Benin take buƙata daga mai shiga ƙasarta. Allurar a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarta, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masu alajin ƙwai mai tsanani, ta ce kada a yi musu ita haka kawai. Ina so a fahimce ni da kyau, domin yankinmu ya sha wahalar jita-jita a kan rigakafi: wannan togiya ta shafi mutum ƙalilan ne, waɗanda ƙwai ya taɓa shaƙe wa numfashi ko ya sumar da su. Wanda ƙwai yake sa wa kumburin ciki ko tashin zuciya ba ya cikinsu, mai matsalar nono ma ba ya ciki, kuma allurar ƙyanda da ake yi wa yara tare da ita a wata tara ba ta da wannan matsala. Tun Yulin 2016 kuma allurar shawara ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Abin da ake nema kawai shi ne mai allura ya yi tambaya kafin ya tsira.

7.0 Hanyar ganowa a inda babu na'ura

Gwajin numfashi na laktos da gwajin fata ko na jini na alaji aikin manyan asibitoci ne, kuma tafiya Birnin Kebbi ko Sakkwato ba ƙaramin kuɗi ba ce ga manomin albasa. Hanyar da ta rage tsohuwa ce, amma masana har yau a kanta suke dogara: a lura, a janye, a mayar.

A fara da mako biyu na lura ba tare da an sauya komai ba: me aka ci, da wane lokaci, me ya biyo baya, bayan awa nawa. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, ko ya riƙa ɗaukar muryarsa a waya bayan kowace salla. Sannan a janye abu ɗaya, madara ko ƙwai, ba duka biyun a tare ba, na mako biyu zuwa huɗu. In ba a ga sauyi ba, an wanke wanda ake zargi, a mayar da shi a nemi dalili a wani wuri, kamar tsutsar ciki ko ruwan sha. In an ga sauƙi, a fara mayarwa daga ƙasan tsani, man shanu, wagashi, kindirmo a cikin fura, har zuwa madara, ana barin kwana uku tsakanin mataki da mataki. Inda ciwon ya dawo, nan ne iyakar mutum, kuma duk abin da ke ƙasa da nan halalinsa ne.

Sharaɗi ɗaya ba a sassauta shi: duk wanda ya taɓa kumburin fuska, shaƙewar numfashi ko suma bayan cin abu, ba a gwada mayar masa da shi a gida. Wannan sai gaban likita, da allurar adirenalin a kusa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe. Haka kuma ba a janye wa yaro mai tamowa abinci da ka, domin madarar jinya da ake ba su a asibiti da abincin gyaɗar nan na leda duk da madara aka haɗa su. Hukuncin sauya su na ma'aikacin lafiya ne.

Wanda dole ta sa ya bar madara ko ƙwai gaba ɗaya, ƙasar Bagudo ba ta rage shi da komai ba. Ƙananan kifin Kwara da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale da riɗi suna ba da sinadarin gina ƙashi. Wake, gyaɗa, waken suya da kifi suna cike gurbin furotin.

8.0 Kira

Ga jami'an lafiya na matakin farko a Bagudo, Illo, Ka'oje da Zagga: a sa tambayoyi uku cikin ɗaukar bayani, wane nono, bayan minti nawa, kuma fata ko numfashi sun shiga ciki? Ga hukumar lafiya ta jiha: a tabbatar kowace cibiyar da ake allurar rigakafi tana da adirenalin da wanda ya iya amfani da shi. Ga jami'o'inmu na Birnin Kebbi, Aliero da Sakkwato kuma: binciken Kretchmer da Ransome-Kuti ya haura shekara hamsin. A ɗauki na'urar gwajin numfashi a je Bagudo, a gwada Fulani da Hausawa da Dandawa da Kyangawa da yawa, a kuma auna laktos ɗin da ke cikin kindirmo da tsala da wagashin da ake sayarwa a kasuwanninsu, na rani daban, na damina daban.